Kunyar da Baba Ya Yaba

Jama'ar wannan shafi, sallama gare ku, har da ke mai turo min saƙo kullum kina cewa in daina jan rai. Yau babu jan rai. Sai dai ku yi haƙuri da ni, don abin da zan ba ku bai gama zama a kaina ba, ina rubutawa ina gogewa.

Ga wanda yau ya fara leƙo mu: sunana Nazifa, shekarata ashirin da huɗu, ina haɗa humra da turaren wuta ina sayarwa ta waya. A Gwadangaji nake, gidan mahaifina Malam Abdussamadu, tsohon malamin makaranta wanda ko tari ya yi sai kowa ya gyara zama. Wanda nake so kuwa Musaddiq ne, ɗan Argungu, mai injin casar shinkafa, shekararsa talatin da uku. Dogo ne, ƙiba ta fara kama masa wuya, ga shi da surutu. Ku riƙe wannan na ƙarshen. Musaddiq idan ya fara zuba, ko mai gyaran taya sai ya san sunan kakarsa kafin a gama ba tayar iska.

Wata uku da suka wuce, wata Laraba bayan la'asar, ya zo zance ya faka motarsa gindin dogon yaron ƙofar gidanmu. Wayata ta kusa mutuwa, na buɗe aljihun motar ina neman caja, sai wata farar leda ta faɗo kan cinyata. Ƙwayoyin magani ne kala uku. Ɗaya na gane shi, don irinsa nake ɓallo wa kakata kowace safiya.

"Kai! Wanga ai maganin hawan jini na, irin na tsohuwarmu," na ce ina ƙyalƙyala dariya. "Ashe tsoho za ni aure ban sani ba? Ka hwaɗa man da wuri in sa sanda cikin kayan ɗaki."

Ya yi dariya shi ma, ya karɓe ledar ya cusa ƙarƙashin kujera.

"Na Kawu Arzika na, ya mance da shi."

Shi ke nan. Na samu cajata, muka shiga zancen kalar labule. Wallahi kafin in kai ƙofar gida na manta da wata leda. Ni dai bakina haka yake, magana kan riga tunani fita.

Ranar Talatar da ta wuce yayarsa, Anti Ummu Hani, ta kira ni. Nan cikin Birnin Kebbi take aure. Ta ce in biyo in kawo mata humra kwalba biyu. Na hau keke na tafi da murnata, har ina ce wa kaina dangin miji sun fara ciniki. Ko buɗe kwalbar ba ta yi ba. Ta tura ƙofar ɗaki ta zauna kusa da ni.

"Nazifa, Asabar za a kawo goro gidanku, ko ba haka ba? To akwai abin da ba ni iya bari ki shiga ba ki sani ba. Musaddiq ya taɓa samun mutuwar ɓarin jiki."

Na ce, "Wane Musaddiq?" Ku ji tambayar banza.

Bara ne, in ji ta, lokacin girbi. Yana Zauro ana auna masa buhunan shinkafa, sai hannunsa na dama ya saki, bakinsa ya karkace. Matan gida suka ce iskar fadama ce ta buge shi, aka fara hayaƙi. Ita ce ta yi tsaye ta kai shi asibiti. Likita ya ce wata 'yar jijiyar jini ce ta toshe a ƙwaƙwalwa, Allah ya taƙaita, cikin mako biyu ya warware kamar ba a yi ba.

"Amma Anti, ai ciwon tsohhi na. Shekara talatin da ukku hwa?"

"Haka ni ma nac ce ma likita. Yac ce in bar wanga zance, samari nawa suka kwance nan. Yaron ga hawan jini garai shekara da shekaru bai sani ba, don bai taɓa bari an auna shi ba. Taba tun sakandare shika sha. Kitse ya yi yawa ga jininai, ga lemun gwangwanin ga mai hana kwana da shika kwankwaɗa in aiki ya yi yawa. Kuma kin san mi yak kashe babanmu? Shi na. Shekara arba'in da takwas."

Ta ƙara matsowa kusa da ni ta ci gaba.

"Likita yac ce wanda yat taɓa yi sau guda shi yaf fi kusa da na biyu, kuma na biyun ba shi da sauƙin na hwarko. Magani na tsare shi, in ana sha kullum. To jiya na gane ya daina sha. Wata ukku."

Wata uku. A cikin kaina na ƙirga baya, na sauka daidai kan Larabar nan, gindin dogon yaro, da sandar da na ce zan sa cikin kayan ɗaki. Anti Ummu Hani ba ta san da wannan ba. Ita abin da ta sani, abokinsa Ikrima ya hure masa kunne cewa ƙwayoyin suna rage wa namiji ƙarfi, ga shi zai zama ango. Ban gyara mata ba. Na bar Ikrima ya ɗauki kayan shi kaɗai.

Kafin in fito ta riƙo hannuna ta ce in haddace abu uku: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta harɗe. In na ga ko ɗaya, kada in tsaya neman ba'asi, kada a ba shi ko ruwa, asibiti kawai, don kowane minti ɗaya wani abu ne ke mutuwa a cikin kan.

Ina cikin keke na rubuta masa: "Na san komai. Don Allah ka koma shan maganinka."

Ya amso: "Anti ta yi aikinta ke nan. Ranki ya daɗe, ƙalau nake, buhu nake ɗagawa da hannu ɗaya."

"Ba wasa nake ba. Wasa na yi ranar, ka yafe min."

"Wace rana? Ni na manta. Na koma sha tun jiya. Taba kuwa tun azumi na bar ta, wallahi."

Na karanta wallahin nan ya fi sau goma. Na yarda ne ko na ga dama ne in yarda, har yau ban sani ba.

Saura Baba. Mutanena, kun san yadda ake bincike a wajenmu. Baba ya tura Baffa Labbo Argungu, ya kwana biyu, ya dawo da rahoto: asali mai kyau, sahun gaba a masallaci, ba ya cin haƙƙin manoma. Gwajin jini na kafin aure ma mun yi, takarda ta fito fes. Babu wanda ya tambayi abin da ya kashe uban, an dai ce ajali. In na faɗa wa Baba, na san halinsa, zai iya ninke tabarmar zancen nan take. In na yi shiru kuma, na shigar da iyayena abin da ba su sani ba. Ranar Juma'a ina taya Inna suyar dubulan na ɗan gwada.

"Inna, in mutum ya taɓa ciwo ya warke, dole na a hwaɗi?"

"Ke, bar kiran ciwo bakin alheri. Juya wancan, shina ƙonewa."

Na juya dubulan. Maganar ta ƙare a kasko.

Asabar ta zo. A ƙa'ida manya kawai ke kawo goro, amma Baba ya ce ba ya karɓar goron wanda bai gani da idonsa ba. Don haka bayan la'asar suka iso su uku: Kawu Arzika ƙanen mahaifiyarsa, da Ikrima mai tuƙi, da shi. Ni kuwa tun azahar na shiga leshina ruwan zuma, ga jan lalle, ga ɗauri ya zauna, duk da na san babu mai ganina. Akwai wata 'yar taga tsakanin falon Baba da lungun da ke zuwa ɗakin Inna. Nan na laɓe, na ɗaga gefen labule da yatsa ɗaya. Inna ta zo ta ce in bar wurin, rashin ta ido ne, sannan ta matsar da ni gefe ta sa nata idon.

Musaddiq ya shigo cikin farar shadda tana ɗaukar ido, hula ruwan toka ta zauna a goshi. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa can bakin ƙofa.

"Barka da yini, Baba. Mun iske ku lahiya?"

Muryarsa garau. Na sauke ajiyar zuciya. Aka yi gaishe-gaishe, aka taɓa zancen ruwan bana da farashin taki. Sai Baba ya juyo kansa.

"Musaddiq, an ce injin gare ka. Buhu nawa kaka casawa a yini?"

Na ce a raina, Baba ka taro wa kanka, yau sai ka ji tarihin injin tun daga ranar da aka sauke shi. Shiru. Can Musaddiq ya ce wani abu ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da tuwo a baki. Kansa a sunkuye.

Kawu Arzika ya bushe da dariya. "Malam, ka ga ikon Allah! Wanga da ka hana muna sakat da surutu gida, yau ga shi ya zan kurma."

Baba ya yi murmushi, abin da ba kasafai muke gani ba. "A'a, ƙyale shi. Haka aka so. Yaran yanzu sai su zauna su ɗora ƙahwa bisa ƙahwa suna kallon tsakiyar idonka."

Inna ta taɓo ni. "Kin ga tarbiyya ko? Ke dai kin dace."

Na ce, "Uhm."

Kaina ya kulle. Kunya ce? Ai ana yin haka. Mijin yayata ranar da ya zo gaisuwa har sunan garinsu ya manta. To amma Musaddiq? Ko don Baba ne, kowa na shakkar Baba. Na ce wa kaina, Nazifa, Anti ta cika miki kai da tsoro, yanzu ko atishawa ya yi za ki ce ciwo. In kika faɗa falon nan a banza, kin tona asirin da ya ɓoye, kin kunyata ubanki gaban baƙi, kin rushe aurenki da hannunki. In kuma ba a banza ba ne fa?

Na zaro waya na rubuta: "Ɗago kanka kaɗan in gani." Ƙarfe biyar saura minti takwas. Na ga aljihunsa ya yi haske ta cikin shaddar. Hannunsa na dama ya ɗan motsa zai nufi aljihun, ya zame ya koma kan kafet.

Baba ya tura masa kofin ruwa. "Sha ruwa, ɗana. Nan gida na."

Ya kai hannun hagu ya ɗauka, kofin ya karkace, ruwan ya zube a gwiwarsa. Ikrima ya kawar da kai yana danne dariya.

"Taso ka zauna bisa kujera," in ji Baba.

Bai motsa ba.

"Kun gani? Ko kujera ya ƙi. Alhaji Arzika, kun iya renon ɗiya. Ni kam na gamsu."

Suka koma zancensu, wace rana ta fi, bayan girbi ko kafin azumi. Minti biyar, minti goma, ni ina tsaye bakin tagar. Ban iya ganin fuskarsa, hular da sunkuyon sun rufe ta. Na ga dai wani ɗigo ya sauka a gaban rigarsa, na ce gumi ne. Wani ya sake sauka. Na ce gumi ne mana, ana zafi. Allah ya gani, sau uku ina ɗaga ƙafa ina mayarwa.

Sai hular ta faɗo. Ta gangaro ta tsaya gaban Baba.

Na jira. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san mai jin kunyar suruki ba ya barin kansa a buɗe ko na ƙiftawar ido. Da kunya ce, da tuni ya wawure ta ya mayar. Musaddiq ya bar ta nan, kai babu hula, gaban mahaifina.

Ban san lokacin da na saki labulen ba. Na ji Inna ta cafko gefen gyalena, na bar mata shi a hannu. Na faɗa falon babu sallama, babu takalmi, na durƙusa gabansa.

"Musaddiq!"

A gaban Baba na kira sunan, da ƙarfi. Ni da ko a waya ba na kiransa in Baba na gida.

"Ke! Nazifa! Mi na haka?" Baba ya miƙe tsaye.

"Musaddiq, dube ni. Ɗaga hannuwanka duka biyu."

Ya ɗago. Wayyo, jama'a. Gefen bakinsa na dama ya zazzago, miyau na bin haɓarsa, idanunsa cike da hawaye suna roƙona. Hannun hagu ya tashi. Na dama yana kwance kamar ba nasa ba. Ashe duk tsawon lokacin nan yana ji, yana gani, ana yabonsa, ya kasa cewa a taimake shi.

"Baba, ba kunya ba ta. Mutuwar ɓarin jiki ta. Ya taɓa yi bara."

"Ya taɓa mi?" in ji Baba.

Kawu Arzika ya fara salati yana cewa a kawo ruwa a tofa a ba shi. Na ce kada wanda ya ba shi komai, a ɗauke shi. Ni Nazifa, ina ba dattawa umarni. Ikrima da Kawu suka cicciɓe shi zuwa mota, Baba ya shiga gaba, Inna ta jefo min hijabinta ta taga na faɗa keke na bi su. A hanya na kira Anti Ummu Hani, kalma biyu na iya faɗa: "Ya dawo."

A babban asibiti aka wuce da shi ciki a kan gadon turawa. Muka zauna a benci. Anti ta iso hijabi a bai-bai. Ba a jima ba wata likita ta fito da takarda a hannu.

"Ƙarfe nawa abin ya fara? Ina son lokaci daidai, da shi za mu san maganin da za mu iya ba shi."

Kawu ya ce wajen la'asar dai. Na buɗe wayata na nuna mata saƙona.

"Biyar saura takwas hannun ya riga ya saki. Minti biyar kahin nan ya gaisa lahiya lau."

Ta rubuta. "Kin taimaka. An ce yana da magani. Yaushe ya daina sha, kuma me ya sa?"

Ikrima ya sunkuyar da kai. Anti ta harare shi za ta yi magana, na riga ta.

"Wata ukku, ran wata Laraba. Ni nag ga maganin cikin mota, nay yi mai dariya, nac ce tsoho na."

Likitar ta dube ni, ba da faɗa ba.

"Ba ke kaɗai ba ce, 'yar uwa. Hawan jinin da tabar sun daɗe suna aikinsu kafin dariyarki. Za mu yi hoton kai yanzu. Kun zo da wuri, amma ban yi muku alkawarin hannun ko maganar ba."

Ta koma ciki. Na so in ce mata ai ya bar taba tun azumi, ban samu dama ba.

Sai a lokacin na lura da abin da ke hannun Baba. Hular ce. Tun daga gida yake riƙe da ita, yana juya ta a kan gwiwarsa. Na jira faɗa. Na shirya masa ma, na san na ci a yi min.

"Nazifa."

"Na'am, Baba."

"Tun yaushe kis sani?"

"Talata."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Kwana huɗu kina cikin gidana da wanga abu, kin kasa hwaɗa man." Ya ƙara juya hular. "Ni kuma yaro na mutuwa gabana, ina yaba mai ladabi."

Muryarsa ta karye a ƙarshen. Ban taɓa jin haka ba tun da aka haife ni.

"Goron na nan hwalo. Ban raba ba, ban maida ba. Na yi hukunci sau guda yau, kin ga inda yak kai mu. Wanga karon ke za ki hwaɗi." Ya miƙo min hular. "Riƙe mai."

Na karɓa da hannu biyu. Kun san sana'ata, hancina ba ya kuskure. A sama turaren da na haɗa masa da hannuna ne, mai sandal. A ƙarƙashinsa, cikin zaren hular, warin taba ne, sabo, na yau ɗin nan. Tun azumi, wallahi. Haka ya rubuta min.

Na zauna da hula a cinya, haushinsa na cina, tausayinsa na cina, haushin kaina ya fi duka. Mutumin da ya yi min rantsuwar ƙarya kwana huɗu kafin a kawo goro, shi zan aura? Mutumin da ya ajiye maganin ransa don kada in kira shi tsoho, shi zan bari a kan gadon asibiti? In ya tashi da hannu ɗaya fa? In bai sake cika min kunne da surutu ba fa? Wallahi na nemi amsa ɗaya a cikin kaina, ban samu ba.

Ƙofa ta buɗe, wata nas ta leƙo.

"Masu Musaddiq? Ya buɗe ido, yana ta nuna ƙofa. Mutum ɗaya zai shiga. Ina matarsa?"

Anti Ummu Hani ta dube ni. Kawu Arzika ya dube ni. Baba ya sauke kansa ƙasa yana kallon takalminsa, yau shi ne mai jin kunyar.

Ban yanke komai ba, jama'a, na rantse muku. Ina cikin tunanin abin da zan ce ne na ga bencin ya yi ƙasa da ni, ashe na riga na miƙe, hular na hannuna.